Shinge a Biron Mushe

Kakata ta iso gidanmu daga Dakusa a kan jakin aro, da tabarma, da butar alwala, da bakin nan nata mai kaifin aska. A shekarar ce sama ta sake hana mu ruwa. Awakinta sun mutu, rumbunta ya koma gidan ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka ga ba ci suka yi ƙaura. Baba ya aika aka ɗauko ta tana ta faɗa, don a ganinta mutumin kirki ba ya barin gonarsa ya zo Damagaram zaman kashe wando.

Mu a bayan wani biro, wato ofis, na gwamnati muke zaune, na masu kula da rijiyoyin ƙauyuka. Baba ne mai gadi. An ba mu ɗakuna a ƙarshen filin, jikin katanga, kusa da manyan duwatsun nan da awaki ke hawa su leƙa mana tukunya. Da safe ina lakwal, wato makarantar boko, da yamma in taya Baba shara, in kuma ba shi shawarwarin da bai tambaye ni ba.

Tun ina ƙarami Kaka ke kirana maigidanta, ni kuma ina kiranta amarya. Da aka sauke ta daga jakin ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ne mijin nawa? Karan dawa ma ya fi ka nama. Ina cefane?"

Na ce, "Amarya, ke ma fa kin tare ba kayan ɗaki."

Cefane dai iri ɗaya ne a garin kaf: jar dawar taimako da manyan motoci ke kawowa. Inna ta surfa, ta wanke, ta daka, ta tuƙa, tuwo ya fito jajawur kamar an kwaɓa jar ƙasa za a yi yaɓe. Mu mun saba, muna rufe ido mu haɗiye. Kaka ta gutsura, ta juya shi a baki, ta ajiye, ta ce wannan abincin dawaki ne, ita kuwa ba ta taɓa haniniya ba.

Da farko dariya muka yi. Amma kullum lomarta sai raguwa take, har ta kai ruwa kawai take kurɓa, sai ɗan ɓarin goro. Awarwaron hannunta ya riƙa zamewa yana faɗuwa a tabarma. Baba yakan durƙusa gabanta da kwano yana cewa, "Iya, ko loma ɗaya, don Allah." Sai ta juya fuska bango. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ta rage zagina. Na gwada duk tsokanar da na sani, har na ce mata zan sake ta in auro mai haƙora, ta dai ɗaga hannu ta mayar.

Wata rana ina yi mata fifita ta ce, ba ni take kallo ba, rufin ɗaki take kallo, "Ka san abin da nake ji a bakina? Shinge. Garar nan masu fiffike, na ruwan farko. A kunna kara kusa da suri, su taso, a kwashe, a zuba a kasko da ɗan gishiri. Ba sa son mai, da mansu suke zuwa. Da zan samu ko cikin tafin hannu, da bakin nan ya buɗe."

Na buga ƙirji, har sai da na yi tari. "Tafin hannu? Ƙwarya zan cika miki, amarya."

"Uhm," in ji ta. "Mijin da ko gishiri bai taɓa kawowa ba."

Ba banza na cika baki ba. A duk layinmu fitilar waje ɗaya ce, ita ce wadda ke bisa ƙofar biron, tana kallon titi. Duk shekarar da ruwan farko ya sauka da kyau, da magariba shinge kan fito daga surikan bayan duwatsu su nufo ta. Matan unguwa su jera daro-daro da ruwa a ciki ƙarƙashinta, shinge su yi ta zagaye har su gaji su faɗo. Ba kara, ba hayaƙi, gwamnati ke biyan wuta. Ni kuwa ɗan gida ne, waye zai riga ni wuri?

Kuma ina da wani abin taƙama. A barandar baya akwai akwatin ƙarfe a jikin bango, an ɗaure murfinsa da waya. A ciki akwai wani hannu mai baƙin kai. In yana sama, ginin na shan kuran, wato wutar lantarkin gari. In kuran ya ɗauke aka ja shi ƙasa, sai fitilu su koma kan batir, wasu manya irin na babbar mota da ke ajiye a wani ɗan ɗaki. Mai gyaran wutar da ya haɗa abin ya kafa wa Baba dokoki. Ba a ja sai mushe, wato shugaban biron, yana ciki yana aiki. Ba a barin shi ƙasa da daɗewa, don da batir ɗin ne rediyon mushe ke magana da ƙauyuka a ji inda rijiya ta ƙafe. Sannan ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, in ba haka ba mutum ya bushe nan take kamar kilishi. Wannan ta ƙarshen Baba ya riƙe ta kamar farilla. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da miyau ma ke ƙafewa a baki, sai ya goge hannu da hularsa, ya yi bisimilla, ya kau da kai, sannan ya ja. Na sha tsayawa ina kallo. A lakwal kuwa na gaya wa kowa ni ke ba rabin Zinder, wato Damagaram ɗin nan tamu, wuta.

Ruwan ya yi ta ja mana rai. Hadari ya haɗu, mu fito da kwanoni, iska ta kwashe shi ta kai wa wasu. Har ranar da ya taso daga gabas bayan la'asar, baƙi ƙirin, bai tsaya shawara da kowa ba. Aka yi ruwa na gaske. Indararo ya yi magana, yara tsirara a titi, tsofaffi na kuka suna hamdala. Kaka ta sa aka ɗage mata labule don ta shaƙi ƙamshin ƙasa.

Kafin ya gama ɗaukewa na sure babban daron Inna, na tara ruwan indararo, na kai shi daidai ƙarƙashin fitilar, wurin da ya fi ko'ina. Ina ajiyewa sai ga maƙwabciyarmu mai ƙosai da nata. Tun da wake ya ɓace a kasuwa ta daina suya, duk ƙarfin da take kaɗa ƙullu da shi ya koma bakinta.

"Kai ɗan mai gadi, matsa min. Fitilar ta ubanka ce?"

"A'a, Gwaggo. Amma ubana ke gadinta."

"Ji min ɗan banza! Sanda uwarka ta haife ka ni na dama mata kunu."

"To Allah ya saka, Gwaggo. Ga wuri can."

Aka kira magariba, Baba ya kulle ƙofar ginin ya jefa makulli a aljihu ya tafi masallaci. Ni na yi tawa sallar a gefen daro, ido ɗaya a sama, Allah ya yafe. Fitila ta kama. Mata da yara sun cika ƙofar. Sai ga guda ɗaya ya zo yana layi kamar mashayi. Sai wani. Kafin a ce kwabo sun turnuƙe fitilar, fukafukansu na ƙyalli, na farkon suka fara faɗowa cikin darona, tsulum, tsulum. Na fara tsara yadda zan shiga ɗakin Kaka da ƙwarya a ka.

Sai ɗif. Kuran ya ɗauke.

Unguwar gaba ɗaya ta yi wani irin nishi, kamar an taka mata ciki. Shekara da shekaru injin garin nan yana da ranakun da zai mutu, bai zaɓi ko ɗaya ba sai wannan. Muna jin shinge na bugun fuskokinmu a duhu, sun rasa inda za su.

Na daka tsawa, "Kowa ya tsaya wurinsa! Kada a taɓa min daro! Ni zan kawo wuta!"

Na zagaya baya da gudu. Na kwance wayar, na buɗe murfin, sai na tuna hannuna sharkaf yake, rigata ma haka. Ban shirya zama kilishi ba. Na faɗa madafin Inna na ɗauko muciya, wadda dama a shekarar ba ta da aikin kirki. Na yi bisimilla, na kau da kai yadda Baba ke yi, na saƙala ta a baƙin kan nan na danna ƙasa. Ƙwas! Haske ya bayyana ta ƙarƙashin ƙofar baya.

Na dawo gaba ina tafiyar ƙasaita, ina jiran guɗa. Ba guɗa. Fitilar waje tana nan a mace, mata na tsaye a duhu da darukansu. Ashe ita ba ta cikin waɗanda aka haɗa da batir. Duk kallon da na yi wa Baba yana jan hannun nan, daga baya nake tsayawa, ban taɓa zagayowa na ga abin da ya kama da abin da bai kama ba. Abin da ya kama shi ne fitilar zaure, da ta biron mushe, wadda ya manta bai kashe ba da zai tashi.

Tagar biron nan tana kallon fili. Irin mai gilasai jere ce, wasu sun fashe tun tuni, sai sandunan ƙarfe. Muna ji muna gani shingen suka juya, suka tsallake katanga a jere kamar an yi musu kiran sunaye, suka dinga kwarara ciki. Abincin unguwa guda yana shiga ɗakin mutumin da ke cin shinkafa a gidansa. Ɗakin kuwa a kulle, makullinsa ba ma wurin Baba yake ba, yana aljihun mushe a can wata unguwa.

"Sannu da aiki, mai ba Zinder wuta," in ji mai ƙosai. "Ka kai wa takardu. Su ma ai sun sha fari."

Na juya na nufi tagar. Shinge ba sa jira. Fitowarsu ɗan lokaci ne, in sun zubar da fukafukai sun shige ƙasa, sai kuma wata shekara, in da rabo. Kaka kuwa ban ga alamar tana da wata shekara a jikinta ba.

Na mirgino tsohuwar gangar da muke tara shara, na hau, na auna sandunan da ido. A nan ne fari ya yi min rana, karo na farko kuma na ƙarshe. Na tura kai, ya wuce. Kafaɗu suka bi, sauran jikin dama ba wani abu ba ne. Na dira kan teburin mushe da ciki.

Wayyo, dukiya! Sama shinge, ƙasa shinge, kan taswirar rijiyoyi shinge, cikin kofin shayin mushe shinge. Amma ba daro, ba ruwa, ampul ɗin kuma, wato ƙwan fitilar, yana can manne da rufi. Na tuɓe jiƙaƙƙiyar rigata na ƙulle wuyanta da hannayenta ta zama jaka. Na shiga damƙa. In damƙo cikin hannu, in buɗe, in ga fukafukai zalla, masu su sun sulale ƙarƙashin kabad. Suna shiga min hanci, suna shiga min kunne, ɗaya ya wuce maƙogwaro ba sallama. Ga kuma tsaka. Ban san biron nan na da ma'aikata da yawa haka ba. Sun fito daga bayan kowane allo, ƙosassu, masu sheƙi, ba alamar sun san ana fari a ƙasar. Duk wanda na kai wa hannu sai wata ta riga ni, ta haɗiye, ta tsaya tana kallona kamar in kawo takardar izini.

Ina cikin rarrafe na ji gyaran murya a taga. Baba ne, hularsa na ɗigar ruwa.

Ya dube ni, ya dubi ampul, ya dubi teburin mushe. "Wa ya ja?"

"Muciya ce, Baba."

"Fito."

"Baba, na Kaka ne."

"Batir ɗin na rediyo ne. Gobe mutane za su kira daga ƙauye su ji shiru saboda kai? Fito, na ce. Yanzu zan mayar da shi."

Ya tafi. Na ci gaba da damƙa da hannu biyu, ina jiran duhu ya rufe ni. Duhu bai zo ba. Abin da ya faru a baranda Inna ce ta ba ni labari daga baya, don tana wurin, ta zo neman muciyarta. Ta ce Baba ya tsaya gaban akwatin ya ɗaga hannu, sai ya dube shi ya ce a jiƙe yake. Ya goge da hula, hular ta fi hannun ruwa. Ya kalli ƙofar ɗakin Kaka. Can ya ce ɓacin ran da yaron nan ya sa shi ya taɓa masa alwala, a miƙo buta. Ya tsuguna ya yi alwala a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar mai koya wa yaro. Da ya gama, hannu ya sake jiƙewa.

Inna ta ce, "Malam, ga muciya, da ita ya ja."

Ya ce, "Muciya ba kayan aikin gwamnati ba ce."

Ni dai abin da na ji ta bango shi ne muryarsa: "Hannuna a jiƙe yake! Doka doka ce! Kafin ya bushe in ga ka fito!"

Hannun Baba bai taɓa jinkirin bushewa irin na ranar ba. Amma batir ba ya jin wannan. Ampul ya fara ja, ya koma kamar an rataye goro a rufi. Ina lalube, ina zagin tsaka, sai na ji guɗa daga titi ta tsage sama. Kuran ya dawo. Fitilar waje ta kama, fara tas, kamar ba ita ta ci amanata ba. Duk shingen da ke da sauran fiffike a biron suka bar ni suka fice ta kan kaina. Ta tsakanin sanduna na hango ƙofar fili a buɗe, na hango mai ƙosai ta sa ƙafa ta ture darona gefe, ta zaunar da nata a wurina.

"Gwaggo! Wurina ne!"

"Kana biro, mushe! Mu talakawa muna waje!"

Na haye taga. Garin sauri na fara fitar da ƙafafu. Suka sami ganga, ciki ya wuce, kafaɗu suka wuce, jakar rigata ta wuce. Kai ya ƙi. Da zan shiga, kunnuwana sun kwanta sun ba da hanya. Da zan fita suka miƙe suka ce ba inda za su. Ga ni nan tsaye kan gangar shara ba riga, jiki a waje, kai a biron gwamnati, ina kallon tsaka na ƙarasa rabona, a bayana kuma ina jin tsulum, tsulum, cikin darukan mutane. Na ja, na murɗa, na roƙi kunnuwan nan da girman Allah. Yaran unguwa suka baro fitila suka zo kallo, wani ma ya tambaya ko a kira masu kashe gobara.

Ƙwas! Baba ya mayar da hannun sama, sannan ya zo. Inna ta kawo ɗan guntun sabulun da take ɓoyo, ta mulke min kunnuwa tana faɗin abin da za ta yi min in na fito. Baba ya kama ƙugu ya ja. Na fito kamar an zare toshiyar tulu, na tabbata rabin kunnena na hagu yana nan a jikin sandar har yau.

Kafin in kai ƙofa an gama. Fitila na ci ita kaɗai, ƙasa duk fukafukai, kwaɗi na tsintar saura. Mata sun watse da darukansu a ka. Mai ƙosai na da ƴaƴa cike da ɗaki, ban ce ta yi laifi ba, amma ban gaishe ta ba har aka yi sallar layya. A cikin darona na tarar da fukafukai da buzuzu ɗaya yana iyo.

Inna ta zazzage rigata a faifai, ta sheƙe. Fukafukai suka tashi, suka tashi, suka yi ta tashi, abin da ya rage ya taru a tsakiya kamar an yi wa faifan ɗigo. Ko ɗan ƙoƙon shan magani bai cika ba. Ta ɗora kasko, ta barbaɗa gishiri. Ƙamshin ya cika gidan, cikina ya yi ƙara har Baba ya waiwayo.

Na shiga da ƙoƙon a hannu biyu, kunnuwa na zafi. Kaka na kwance, amma idonta a buɗe, hancinta na motsi.

"Ina ƙwaryar?"

"Amarya, ma'aikata sun cire nasu kason."

Ta sa aka tayar da ita zaune. Ta ɗauki ɗaya, ta kai kusa da fitilar ƙwai ta duba, ta jefa a baki. Ta daɗe tana mamula. Duk muka zuba mata ido, Baba a bakin ƙofa.

"Warin takarda suke," ta ce. "Na Dakusa sun fi maiƙo."

Ta ɗauki wani. Ta ɗauki wani. Sannan ta dubi Inna. "Wannan ai ba ya tafiya shi kaɗai. Ina abincin dawakin naku?"

Inna ta fita da gudu har tana tuntuɓe da muciya. Kaka ta riƙa gutsurar jan tuwon nan, ta manna masa shinge ɗaya a ka, ta tura, tana tsaki a kan kowace loma. Baba ya juya ya fita, ya je ya tsaya gaban akwatin ƙarfen ya daɗe yana ɗaure wayar da ta riga ta ɗauru. Ni na zauna ina haɗiyar miyau, ina jiran a ce maigida ga naka. Ta cinye tas, ta lashe yatsa, ta miƙo min ƙoƙon in wanke.

Washegari rediyon mushe ya yi ta kakari kamar ɗan akuya mai mura, Baba ya sha faɗa a tsaye da hula a hannu, ni kuma aka ba ni tsintsiya. Fukafukin shinge ba ya sharuwa. Ka kai masa tsintsiya ya tashi, ka juya baya ya sauka. Har aka yi kaka mushe na buɗe takarda yana samun su a ciki, yana ƙwala min kira.

Ruwan nan ma yaudara ce, shukar da aka yi a kansa ta ƙone. Muka ci gaba da jar dawa. Amma Kaka na ci, tana zagin tuwon, tana zagin Damagaram, tana zagina. Ko jiya da na kai mata kwano sai da ta ja min kunnen hagun, daidai wurin da ke ciwo, ta ce ita fa ba ta manta ba, ƙwarya aka yi mata alkawari.